Hanya ta Goma

Tun yaushe ya san ina kallonsa? Wata bakwai ke nan da rasuwar Malam, na fita takaba, na raba tufafinsa, amma wannan tambayar ta ƙi barina. Ko tun ranar da ya fitar da firiji daga madafa ya kai shi zaure, ya ce wai zafin murhu yana lalata shi? Ko tun shekarar da ya sa aka ɓamɓare tayil mai santsin nan aka zuba siminti mai kaushi, alhali ban roƙa ba? Na juya abin ta kowace fuska ban samu amsa ba, kuma wanda zai faɗa mini yana kwance a ƙasa.

Sunana Hajara, shekara arba'in da takwas ina ɗakinsa a nan Tandabawi, unguwarmu ta Hausawa da ke kusa da Harami. Ban iya rubutu ba. Jikata Ramla ce take rubuta abin da nake faɗa, na ce mata da Hausa, ko da yake Larabci ya fi mata sauƙi a hannu. Idan kuka ya zo mini sai ta ajiye alƙalami ta jira.

Abin da ya sa nake wannan magana, samarin unguwa ne. Suna zuwa gaisuwa da waya a hannu, su nuna mini mutane suna tashi sama suna juyi, su ce, "Hajiya, irin wannan kunfu ɗin Malam yake koyarwa ko? Wata nawa ake yi a iya?" To ku zauna ku ji. Kuma ku ji da kyau, don akwai wani yanki na aikin nan da yanzu duk duniya a jikin tsohuwar nan kaɗai ya rage, kuma ban yi niyyar a binne ni da shi ba.

Aikin Malam na farko ɗaukar shibriya ne. Ku ba ku tarar da ita ba. Gado ne na katako, a ɗora tsoho ko marar lafiya a kai, mutum huɗu su ɗauka a ka su yi masa ɗawafi, su sauke shi su ɗauki wani. Iyayensa a ƙafa suka zo ta Cadi da Sudan, a nan aka haife shi, kuma yana shekara goma sha bakwai ya shiga wannan aikin. Bai cika shekara ba gwiwarsa ta kumbura. Aka ce ya je wurin wani tsoho mutumin Sin mai gyaran targaɗe, Alhaji Yunusa, Musulmi ne da ya zo hajji da danginsa bai koma ba. Tsohon ya matsa gwiwar, ya dube shi, ya ce da Larabcinsa mai karyewa, "Kai da wuyanka kake ɗaukar kaya. Mutum da ƙafa yake ɗauka." Sai ya sa ƙafa ɗaya ƙarƙashin buhun shinkafa da ke bakin ƙofa, ya ɗaga shi ya ajiye a kan benci, hannayensa a baya. A lokacin tsohon ya haura sittin.

Washegari Malam ya koma, ya zube a ƙasa ya durƙusa kamar yadda muke gaida manya, ya ce a koya masa. Alhaji Yunusa ya kama kunnensa ya miƙar da shi. Ya ce a ƙasarsu almajirin wannan aiki goshi yake kai wa ƙasa a gaban malami, amma su Musulmin Sin sun bar wannan, goshi na Allah ne. Ya ce, "In sauka kake so, sauka nan." Ya ware masa ƙafafu, ya danna kafaɗunsa har cinyoyinsa suka kwanta kamar mai zaune a kujera, alhali babu kujera. Ya ɗora finjalin shayi a kan kowace cinya, ya kunna tsinken turare ya soka a bango. Ya ce kada ya tashi sai turaren ya cinye, in shayi ya zube a sake kunna wani.

Wannan ita ce tsayuwar doki. Shekara uku Malam yana yin ta kullum bayan asuba, ba a nuna masa naushi ko ɗaya ba. Daga tsinke ɗaya aka koma biyu, aka koma uku. In ya tashi ya share shago, ya daka magani, ya wuce Harami ya ɗauki shibriya har dare. Abokan aikinsa suka sa masa suna Mai Kujerar Iska. Ya ce mini sau biyu yana fasawa, ya yi kwana uku bai je ba, da ya koma tsohon turare kawai ya kunna masa. Amma gwiwar ba ta sake kumbura ba, kuma mutanen da suke ɗaukar shibriya tare da shi suka fara rigimar wa zai tsaya kusa da shi, don gefensa ba ya rawa.

Bayan shekara ukun ne aka ce ya kawo shayi. Ka'idarsu ke nan, ku riƙe ta don za ta dawo a maganata. Almajiri zai haɗa shayi da kansa ya miƙa wa malami da hannu biyu. In malami ya sha, ya karɓe ka, zai buɗe maka abin da ke gaba. In ya ajiye ya bari ya huce, babu faɗa babu zagi, ka koma ka tsaya. Alhaji Yunusa ya sha.

Aikin hanyoyi goma ne. Kowace hanya jerin taki ne da shuri da naushi, a kan layi ɗaya miƙe, daga wannan bango zuwa wancan. Babu tashi sama. Shurin ba ya wuce ƙugu, mafi yawa ma a gwiwa yake tsayawa. Hanya ɗaya takan ci shekara guda, wata ta fi. Tara kowa zai iya samu in yana da haƙuri. Ta goma mutum ɗaya ake ba wa a rayuwar malami, a rufe ƙofa, kuma ba a faɗarta da baki, sai dai malami ya yi almajiri ya bi. Haka Alhaji Yunusa ya karɓa a garinsu, haka ya ba Malam shekara uku bayan an kawo ni. Bai cika wata shida ba bayan nan ya rasu.

Ni ma na samu rabona a wurinsa, man shafawa. Ina amarya ya kira ni shagon, ya ajiye tulu a gabana. Ya ce a ƙasarsu waɗanda ba Musulmi ba da giya suke jiƙa shi, su kuwa da kal, ruwan tsamin nan. Citta, kanumfari, kirfa, mur, da wata jar saiwa da alhazan Sin suke kawo masa. A daka su daban-daban, kada a haɗa a turmi ɗaya, a zuba a tulu a toshe baki da tsumma da laka, a ajiye inda rana ba ta kaiwa kwana arba'in, kullum a girgiza sau ɗaya. Na haɗa na farko, ya sa yatsa ya shinshina, ya ce, "Ya binti, hannunki ya fi na mijinki hankali." Malam yana tsaye a wurin, bai yi dariya ba, amma ni na yi. Tun daga nan duk gwiwa da ƙauri da ya kumbura a saman soron gidan nan, da man hannuna aka shafa shi.

Saman soron shi ne makarantar. Kayan aikin ba su da yawa. Akwai sanda doguwa da ta fi mutum tsawo, ta Alhaji Yunusa ce, tsakiyarta ta yi baƙi don hannu. Akwai jakar gwado da ake cika wa da wake, mai koyo ya riƙa dukanta da tafin hannu. In waken ya zama gari sai a sa tsakuwa. Waken da ya farfashe ba a zubarwa, ni nake karɓa in yi ƙosai, almajiran su ci abin da suka daka. Akwai dutse mai mariƙi da ake ɗagawa. Sai finjalai, waɗanda na daina ƙirga nawa aka fasa mini, da kwalin turare. In kun hau za ku ga ramuka biyu a siminti kusa da bangon gabas, kamar an danna da ludayi. Ba wanda ya haƙa su. Wurin ƙafafun Malam ne.

Bai taɓa cin abinci da wannan aikin ba. Da aka daina shibriya ya koma tura keken masu ɗawafi, daga baya ya riƙe ɗan shagon turare da carbi. Koyarwa bayan asuba ce, kafin rana ta yi zafi, kafin kowa ya tafi nema. Direbobi sun zo, masu gasa burodin tamis sun zo da garin fulawa a gashin hannu, Yamalawa, 'yan Burma, 'ya'yan Hausawanmu da ba sa jin Hausa sai in an zage su. A cikin goma, tara ba sa kai sati.

Na tuna wani ɗan kasuwa mai ƙiba da ya zo da sababbin kayan motsa jiki, har da ɗan tawul a wuya.

Ya ce, "Kabtin, yaushe za mu fara duka?"

Malam ya ce, "Ni ba kabtin ba ne, ba ni da jirgi. Ware ƙafarka."

"Ai ni na yi shekara biyu a kulob, ina da baƙar ɗamara."

"Madalla. Ɗaure ta da kyau, kada wandon ya faɗi."

Turaren bai kai rabi ba finjalai biyu suka tafi, shi ma ya bi su. Mutum biyu suka sauko da shi. Da yamma matarsa ta aiko a tambaye ni me muka yi wa maigidanta, a zaune ya yi la'asar. Na aika mata da kwalbar mai. Bai dawo ba, amma ya riƙa aiko da buhun wake duk azumi har Allah ya yi masa rasuwa.

Yanzu zan faɗi yadda na yi satar. In almajirai sun sauka, Malam yakan kulle ƙofar matakala ya yi hanya ta goma sau ɗaya shi kaɗai, don kada ta kwanta a jikinsa. A kusurwar soron akwai ɗan ɗakin wanki mai tagar katako, katakon da ramuka. A wannan lokacin nake wanki, don ruwan tanki bai yi zafi ba tukuna. Ya san ina ciki, amma na ɗauka a wurinsa mace mai wanki da bokiti duk ɗaya ne. Da fari kallo kawai nake yi, don abin yana da kyau. Sauran taran gaba suke ci, da ƙarfi, kana jin ƙarar diddige. Ta goma baya take komawa, a hankali, taki goma sha biyu, har mutum ya dawo inda ya fara. Wata rana ina jiran tukunya ta tafasa na ga ƙafafuna suna yi. Na tsorata, na yi istigfari, washegari na sake. Madafar gajera ce, sai in yi taki huɗu in juyo in ɗora. Da firijin ya fita, sai ta ɗauki shida. Shekara arba'in ina haka, tsakanin tafasar ruwa da zuba shinkafa, ban faɗa wa ko 'ya'yana ba. Ban san amfanin kowane taki ba. Siffar kawai nake da ita.

Wanda kowa ya san shi zai gaji ta goma Bashir ne. Ɗan maƙwabciyata ne, uwarsa ta kwanta ciwo bayan haihuwa, na shayar da shi tare da 'yata ta fari, don haka ɗana ne, Inna yake ce mini, Malam kuwa Baba. Allah bai ba mu namiji ba sai shi. Yana shekara goma sha biyar ya hau soro, kuma tun satin farko Malam ya sauko yana cewa bai taɓa ganin ƙafa irin wannan ba.

A nan na yi kuskuren da har yau nake kuka a kansa. Bashir yana wata takwas a tsayuwar doki, kullum ya sauko cinyoyinsa suna rawa, ya kasa riƙe cokali. Zuciyata ta kasa ɗauka. Na riƙa bin Malam da magana, a wurin cin abinci, a bakin ƙofa. Na ce yaron ya iya, kai da kanka ka ce ya iya, me ya rage? Zamanin ma ba irin naku ba ne, in ka matsa masa zai gudu. Malam yana sonsa kamar yadda nake sonsa. Ya ce a kawo shayi, ya sha. Wata takwas maimakon shekara uku. Mu duka biyu mun ɗauka tsayuwar don ƙafa ake yin ta, kuma ƙafar yaron ta riga ta yi ƙarfi.

Kafin ya cika ashirin da takwas ya haɗa hanya tara. Sai mummunar shekara ta zo. Yana aikin lodin motocin alhazai a Kudai, ana tsakiyar hajji, zafi da cunkoso. Rigima ta haɗa shi da wani mai dakon kaya, Mamman, mutumin Tawa, a kan wace mota za a fara lodawa. Shuri ɗaya ya yi masa. Gwiwar Mamman ta juya ta inda gwiwa ba ta juyawa.

Bashir da kansa ya zo ya faɗa, yana tsaye a zaure. Malam yana zaune da carbi.

Ya ce, "Da wace hanya?"

"Ta uku, Baba."

"Ya ɗaga maka hannu?"

"Ya zagi uwata."

"Na ce ya ɗaga maka hannu?"

Bashir ya ce, "A'a."

"Fita mini daga gida."

Manyan unguwa suka shiga aka yi sulhu, amma Mamman bai sake ɗaukar kaya ba. Wata huɗu Malam yana zuwa ɗakinsa da kwalbar maina yana shafa masa. Soron kuwa ya sa masa kwaɗo shekara guda cur. Almajirai su zo su ƙwanƙwasa, in leƙa in ce su yi haƙuri. Wasu suka koma kulob mai na'urar sanyi, ba su dawo ba. Sandar ta yi ƙura, tsakuwar jaka ta fasa gwadon ta zube. Shi kansa bai hau ba ko sau ɗaya. A wannan shekarar hanya ta goma a madafata kaɗai aka yi ta. Magana ɗaya ya yi mini a kan abin, bai kuma ɗaga murya ba. Ya ce, "Tsohon nan ba ƙafata yake tsayarwa ba, Hajara, fushina yake tsayarwa. Sai yanzu na gane, da gemu fari." Bai ce laifina ne ba. Da ya faɗa da ya fi mini sauƙi.

Da ya buɗe soron, ya buɗe shi da mutum uku, kuma daga ranar ba wanda ya ga naushi kafin shekara uku, ko ɗan wane ne.

Bashir ya tafi Jidda ya yi shekaru, sai dai ya aiko mini da gaisuwa. Ya dawo yana da arba'in, da mata da 'ya'ya, da furfura a gefen kai. Wata asuba na ji takunsa a matakala, na san shi tun kafin in gani. Bai tsaya doguwar gaisuwa da kowa ba. Ya wuce layin sababbin shiga, mutumin da yake da hanya tara, ya ware ƙafa, ya ɗora wa kansa finjalai. Malam ya dube shi, ya kunna turare.

Ran Juma'a Bashir ya haɗa shayi ya miƙa da hannu biyu. Malam ya karɓa ya ajiye a kan katanga. Ya huce. Juma'a ta gaba ma haka. Shekara shida, duk Juma'a, kuma ni nake zubar da shayin in wanke finjalin. Ina ganin ƙafafun Malam suna raguwa ta ramin katako, takin da yake yi a numfashi ɗaya ya koma biyu. Rannan na kasa daurewa.

Na ce, "Malam, mu fa ba yara ba ne. In Allah ya yi ikonsa, wa ka bar wa?"

Ya ce, "Na ji maganarki sau ɗaya a kan yaron nan."

Ban sake ba.

Bara, bayan ƙaramar salla, ya faɗi a matakala. Ɓarin jikinsa ya shanye. Ya yi sati uku a asibiti a Zahir, aka dawo da shi gida a kan keke irin wanda ya yi shekaru yana tura mutane a kai. Ƙafafun nan da suka haƙa siminti, sai ni da Bashir muke ɗaga su mu gyara musu matashi. Bakinsa ya karkace, amma ana jin maganarsa in an matso.

Cikin masu zuwa dubiya sai ga Mamman da sandarsa, ya tsufa. Ya zauna a bakin gado suka gaisa. Malam ya tambaye shi gwiwa. Ya ce, "Gwiwa tana nan yadda ka san ta, Malam. Amma Juma'a ba ta wuce ni a Harami. Ɗanka ne yake zuwa ya tura ni, ya kai ni ya dawo da ni, shekara shida ke nan. Ya ce in na faɗa maka zai daina, to ka rufa mini asiri." Ya yi dariya. Malam bai yi ba, ya juya fuska bango.

Juma'ar da ta biyo, Bashir ya kawo shayi har gado, don bai fasa ba ko da Malam yana asibiti. Ya miƙa da hannu biyu. Malam ya ce in tallafo kansa. Ya sha, a hankali, rabi yana zuba a gemu ina sharewa, har ya ga ƙasan finjalin. Bashir ya durƙushe yana kuka kamar ranar da na fara ɗaukarsa. Sai da ya ɗago ya dubi ƙafafun da ke ƙarƙashin bargo, na ga abin ya faɗo masa.

Ya ce, "Baba, ka faɗa mini da baki. Zan gane."

"Ba a faɗarta."

"To ka nuna da hannu."

Malam ya ɗora yatsu biyu na hannun da ke motsi a kan bargo, kamar ƙafafu, ya ja su baya taki ɗaya, biyu, a na uku hannun ya zame. Ya sake, ya zame. Ya rufe ido. Bashir ya sumbaci goshinsa ya ce, "Ba komai, Baba, shayin ya ishe ni." Ina tsaye da finjali a hannu, abin yana cikin ƙafafuna. Yaya zan ce wa mutum a kan gadon ciwo shekara arba'in ina satar abin da ya kulle ƙofa a kansa?

Bayan rasuwarsa almajirai suka ce ta goma ta tafi da shi. Bashir ya ci gaba da buɗe soron yana koyar da tara. Ni kuwa tun ranar da na fita takaba, in sun sauka sai in hau. Matakala arba'in da ɗaya ce, ina hutawa sau uku, gwiwata ta dama tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ina shafa mata man da na yi wa wasu shekara da shekaru. Ina da gyaran da zan yi, kuma abin da jiki ya saba shekara arba'in ba ya sakuwa a sati. Na faɗi sau biyu. Ramla ta ce za ta gaya wa uwarta, na ce ta gaya wa duk wanda take so. Wata biyu da rabi na yi, shekaranjiya ya zauna daidai, sau uku a jere.

Jiya na kira Bashir na faɗa masa.

Ya ce, "Inna, ke?"

Na ce, "Ni."

"A ina?"

"A inda nake dafa maka abincin da ka ci ka yi wannan ƙaton wuyan."

Ya rufe fuska da hannu, ban san dariya yake yi ko kuka ba. Can ya ce, "In kawo shayi?"

Na ce, "Malam ya riga ya sha. Ni ajiya aka ba ni. Ka zo Juma'a bayan asuba, ka sallami mutanenka da wuri. Ni siffar na sani, kai za ka gane abin da kowane taki yake yi. Kuma ka buɗe ido, don ban san sau nawa gwiwar nan za ta yarda ba."

Ramla za ta kulle mana ƙofa ta zauna a matakala. Ku kuma masu tambayar wata nawa, soron yana buɗe, turare yana nan, na sayi sababbin finjalai dozin biyu. Wanda ya zo ya zo da shekara uku a hannunsa, kuma kada uwar kowa ta zo ta roƙe ni a rage masa.

Saura abu ɗaya, Ramla, rubuta shi yadda na faɗa. Kwana huɗu bayan ya sha shayin, da safe, daidai lokacin da almajirai suke sauka, ina jin takunsu a matakala. Na gama ba shi kunu ina goge masa baki. Ya yi mini alama da ido in rufe ƙofar ɗaki, na rufe. Ya sa in matso da kunnena. Daga wannan bai sake magana da kowa ba sai kalmar shahada da aka ji a leɓensa kafin azahar. Ya riƙe gefen mayafina da yatsun nan biyu, ya ce:

"Hajara, a taki na bakwai kina ɗaga dunduniyar hagu da wuri. Ki bari sai nauyin ya koma dama. Ki gyara, sannan ki ba yaron."